Su wane ne 'yan Whiggamore, kuma yaya aka yi manoma suka kama Edinbara a 1648?

Wani ɗalibi ya turo wannan tambaya: "Malam, ina karatu a kan yaƙin basasar Birtaniya na ƙarni na 17, sai na ci karo da wata runduna mai suna Whiggamore, wai ta yi bore a Sikotland har ta kifar da gwamnati. Sojoji ne ko 'yan tawaye? Sarki suke yi wa yaƙi ko majalisa? Kuma da gaske ne daga sunansu jam'iyyar Whig ta samo nata?"

Ɗan'uwa, tambaya uku ka yi a dunƙule, kuma ta tsakiyar ce mai wuya. Bari in fara da mai sauƙin. 'Yan Whiggamore ba irin rundunar nan ba ce da ake ɗauka aiki, a ba ta kaki da albashi. Mutanen karkara ne na kudu maso yammacin Sikotland, galibinsu manoma 'yan haya da ƙananan masu gonaki daga Ayrshire da Clydesdale da Galloway, waɗanda fastocinsu suka taso su a ƙarshen Agusta da farkon Satumba na 1648 suka nufi Edinbara, babban birnin ƙasar. Adadin da aka fi ambata shi ne kimanin mutum 6,000. Daga tashinsu zuwa ranar da aka sa hannu a kan sulhu wata guda ne kacal, kuma ba su ci wani babban yaƙi ko ɗaya ba. Duk da haka mulkin ƙasa ya faɗo hannun ɓangarensu. Na daɗe ina koyar da wannan babi, kuma abin da nake so ɗalibi ya riƙe shi ne: ba su suka kashe zomon ba, rataya aka ba su. Wanda ya kashe zomon Oliver Cromwell ne, ɗaya daga cikin manyan kwamandojin sojan majalisar Ingila, kuma a Ingila ya kashe shi. Amma sai mun ɗan koma baya kafin maganar ta zauna.

Tun 1603 Ingila da Sikotland suke da sarki ɗaya, amma kowace da majalisarta da dokokinta da cocinta. Cocin Ingila yana da bishop-bishop waɗanda sarki ke naɗawa. Masu faɗa a ji a cocin Sikotland kuwa suna son tsarin da ake kira Firesbiteriya, inda fastoci da dattawan coci ke gudanar da komai ta hanyar majalisu, daga ta ƙauye har zuwa babban taron ƙasa, ba tare da sarki ya sa baki ba. In ka san Cocin Firesbiteriya na Najeriya, wanda tushensa ya faro daga 'yan mishan na Sikotland da suka sauka Kalaba a 1846, to ka san jikan wannan tsari. Rigimar tsohuwa ce. A 1596 wani malamin coci, Andrew Melville, ya kama hannun rigar Sarki James ya gaya masa cewa a Sikotland akwai sarakuna biyu da masarautu biyu, kuma a masarautar Almasihu shi James ba sarki ba ne, ɗaya ne daga cikin mabiya. James bai manta ba. Shi ne daga baya ya ce in babu bishop babu sarki.

Ɗansa Charles na Ɗaya bai gaji wayon uban ba. A 1637 ya tilasta wa cocin Sikotland wani sabon littafin addu'a mai kama da na Ingila, ba tare da ya nemi yardar majalisar ƙasar ko babban taron coci ba. Ranar 23 ga Yuli da aka fara karanta shi a cocin St Giles na Edinbara, wurin ya hargitse. Ana ba da labarin wata 'yar kasuwa da ta wurgi mai karatun da kujerar zamanta. Ranar 28 ga Fabrairu 1638 aka fara sa hannu a kan Alkawarin Ƙasa a cocin Greyfriars, takardar da masu sa hannu suka rantse za su kare addininsu daga duk wani sabon abu da aka cusa musu. Daga nan aka sami sunan 'Yan Alkawari. Kalmar tana da nauyi a kunnensu, don irin alkawarin da ke tsakanin Allah da Bani Isra'ila suke nufi. A ganinsu Sikotland ƙasa ce da ta ƙulla alkawari da Ubangiji, kuma wanda ya saɓa shi ya jawo wa kowa fushin Allah. Ka riƙe wannan, domin shi zai fassara maka abubuwan da suka yi daga baya waɗanda a ido za ka ce wauta ce.

Abin da ya biyo baya zan ratsa shi da sauri. Babban taron coci a Glasgow ya soke muƙamin bishop a ƙarshen 1638. Sarki ya yi yunƙurin yaƙi sau biyu, 1639 da 1640, bai yi nasara ba. A Newburn, Agustan 1640, 'Yan Alkawari suka kori sojojinsa suka mamaye Newcastle. Rashin kuɗin biyan wannan asara ne ya tilasta masa kiran majalisar Ingila, wadda ta zama ajalinsa. Da yaƙi ya ɓarke tsakaninsa da wannan majalisa a 1642, 'Yan Alkawari suka ƙulla wani sabon alkawari da ita a 1643, bisa fahimtar cewa za a gyara cocin Ingila ya dace da nasu. A Janairun 1644 runduna ta kimanin mutum 20,000 ta tsallaka iyaka ƙarƙashin Alexander Leslie, wanda ake kira Leven, tsohon kwamandan da ya goge a rundunar Suwidin. Sun taka rawa sosai a nasarar Marston Moor ranar 2 ga Yuli 1644. A gida kuwa Montrose, wanda shi ma ya taɓa sa hannu a Alkawarin kafin ya koma wajen sarki, ya yi shekara guda yana ragargazarsu da mayaƙan tsaunuka da na Ayaland, har David Leslie, wani kwamandan 'Yan Alkawari, ya murƙushe shi a Philiphaugh a Satumban 1645. A Mayun 1646 Charles ya miƙa kansa ga rundunar Sikotland. Sun roƙe shi ya amince da Alkawarin, ya ƙi. A Janairun 1647 suka bar shi a hannun majalisar Ingila, suka karɓi fam 200,000 daga cikin bashin da suke bin ta, suka koma gida. Magoya bayan sarki suka ce sun sayar da sarkinsu, kuma wannan gori ya daɗe yana bin su.

Yanzu mun iso inda tambayarka ta tsakiya take. A 1647 ƙarfi a Ingila ya fara komawa hannun soja, kuma manyan hafsoshin wannan soja, irin su Cromwell, ba sa son tsarin Firesbiteriya. Ra'ayinsu shi ne kowace ikilisiya ta ci gashin kanta. Manyan masu sarauta na Sikotland suka duba suka ga an yi ba a yi ba: sun zubar da jini a Ingila, cocin da aka yi musu alkawari bai samu ba, sarkinsu kuma yana tsare. Sai uku daga cikinsu, Loudoun da Lanark da Lauderdale, suka je wurin Charles a gidan da ake tsare da shi a tsibirin Wight, a ƙarshen Disamban 1647, suka ƙulla yarjejeniyar sirri. Sikotland za ta turo runduna ta mayar da shi kan karaga, shi kuma zai kafa tsarin Firesbiteriya a Ingila na shekara uku. Amma shi kansa ba zai rantse da Alkawarin ba, ba kuma za a tilasta wa kowa ba. (Waɗannan sunaye na sarauta ne, ana kiran mutum da sunan ƙasarsa, kamar yadda ake yi wa hakimi. Argyll da za ka ji nan gaba sunansa na yanka Archibald Campbell, shugaban zuriyar Campbell.)

Wannan yarjejeniya ta raba 'Yan Alkawari gida biyu. Mafi yawan masu sarauta da majalisar ƙasa suka goyi bayanta, Hamilton, yayan Lanark, yana gaba. Shugabannin coci suka ce atafau. Hujjarsu ita ce, yaya za a zubar da jinin bayin Allah don sarkin da ya ƙi rantsuwa, a kan alkawarin shekara uku, kuma kafaɗa da kafaɗa da mutanen da jiya-jiya ake yaƙa? Argyll ya tsaya tare da coci, haka ma lauya Archibald Johnston na Wariston, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka tsara Alkawarin 1638. Leven da David Leslie, kwamandojin da suka fi kowa sanin yaƙi, ba su shiga tafiyar ba. Ka ga ke nan amsar "sarki ko majalisa" ba ta shiga ko ɗaya daga cikin akwatunan biyu. 'Yan Whiggamore majalisar ƙasarsu suka yi wa bore, saboda ta ɗauki makami don sarki. Amma ba masu son a kawar da sarauta ba ne. Sarki suke so, da sharaɗin ya durƙusa wa Alkawari.

Me ya sa kudu maso yamma? Yankin ya daɗe da zafin addini. Tun shekarun 1620 da 1630 ake tarukan farkawa a wurare irin su Stewarton da Shotts, mutane suna taruwa a gidaje suna addu'a ba tare da izinin bishop ba. David Dickson ya yi wa'azi a Irvine, Samuel Rutherford a Anwoth cikin Galloway, kuma shi Rutherford ne ya yi rubutu a 1644 yana kafa hujjar cewa doka tana sama da sarki. Ga kuma zirga-zirga da 'yan'uwansu da suka yi ƙaura zuwa arewacin Ayaland, inda ra'ayin ya fi tsauri. Manomin wannan yanki ya saba jin fasto kafin ya ji mai gari.

Da gwamnatin Hamilton ta fara ɗibar samari aikin soja a bazarar 1648, fastoci suka hau mumbari suna cewa shiga wannan runduna zunubi ne. Mutane suka noƙe. Sai gwamnati ta fito da wata dabara da har yau in na karanta nake jin zafinta: a sauke sojoji a gidan mai taurin kai, ya ciyar da su da dawakinsu har ya sauko. James Turner, hafsan da aka tura Glasgow da wannan aiki, ya rubuta da kansa yana alfahari cewa mahaya biyu ko uku da 'yan bindiga shida a gidan mutum, cikin kwana biyu zuwa uku, sun isa hujjar da za ta sa ɗan Alkawari mafi taurin kai ya bar coci ya bi majalisa. Ka kwatanta abin a ranka. Gida mai ɗaki biyu, rumbun hatsi ya kusa ƙarewa ana jiran kaka, ga ƙarti takwas sun zauna maka a tsakar gida suna yanka kajinka, dawakinsu suna cinye abincin saniyarka, matarka da 'ya'yanka mata suna girka musu. Mutum zai sauko, amma ba zai yafe ba.

Fushin ya fara fashewa a Mauchline cikin Ayrshire. An yi taron Jibin Ubangiji a ƙarshen mako, irin wanda jama'a ke zuwa daga garuruwa da dama a kwana ana wa'azi. Ranar Litinin, 12 ga Yuni, kimanin mutum 2,000 ɗauke da makamai suka taru a filin bayan gari, cikinsu har da waɗanda suka gudo daga aikin soja. John Middleton, hafsan gwamnati, ya iso da mahaya. Fastoci suka shiga tsakani, ba a daidaita ba, aka gwabza, kuma da ƙarin sojoji suka iso taron ya watse. Wannan ya nuna iyakar ƙarfinsu muddin rundunar gwamnati tana gida. Shi ya sa nake cewa da Hamilton bai fita da sojojinsa ba, ko da ya dawo da su lafiya, da ba ka taɓa jin sunan Whiggamore ba.

Hamilton ya tsallaka iyaka ranar 8 ga Yuli da runduna mai yawa amma ɗanya, ba horo, ba isasshen abinci, ga ruwan sama ba ƙaƙƙautawa. Ya bar ta ta miƙe a kan hanya kamar jerin gwano, gaba bai san halin da baya yake ciki ba. Cromwell, da mutum kimanin 9,000, wato kusan rabin abin da abokan gabarsa ke da shi, ya faɗa musu a Preston ranar 17 ga Agusta. Cikin kwana uku rundunar ta tarwatse. Dakarun ƙasa suka miƙa wuya a Warrington, shi Hamilton aka kama shi a Uttoxeter, aka fille masa kai a Landan a Maris na 1649.

Labarin Preston na isowa, yamma ta tashi. Bayanin da aka fi dogara da shi na Gilbert Burnet ne, wanda daga baya ya zama bishop a Ingila. Yana ɗan shekara biyar abin ya faru, amma Wariston kawunsa ne, don haka a cikin gida ya ji labarin. Ya ce fastoci ne suka zuga jama'a, kowane fasto yana tafe a gaban mutanen ikilisiyarsa, ana addu'a ana wa'azi tun daga gida har Edinbara. Masu sarautar da suka ja gaba su ne Eglinton da Cassillis da Loudoun. E, Loudoun ɗin nan dai da ya sa hannu a yarjejeniyar tsibirin Wight wata takwas da suka wuce. Ya dawo gida ya ga inda iska ta nufa, ya juya, daga baya kuma ya tsaya a gaban jama'a a coci ya yi tuba. Ranar 5 ga Satumba suka shiga Edinbara. 'Yan gwamnati sun riga sun fice. Leven da David Leslie suka karɓi ragamar wannan taro na manoma, suka fara ƙoƙarin mayar da shi runduna.

Sai dai ɗaya ɓangaren bai mutu ba tukuna. Lanark yana da sojoji a gida, ga George Munro da ƙwararrun mayaƙan da ya kawo daga Ayaland, waɗanda ba su kai ga Preston ba suka juyo. Ranar 12 ga Satumba Munro ya yi wa mutanen Argyll dirar mikiya a Stirling. An ce Argyll yana kan cin abinci aka gaya masa, ya haye doki ya tsere, ya bar mutanensa, aka kashe wasu aka kama da yawa. Wannan shi ne karo mafi girma a duk boren, kuma ɓangaren 'yan boren ne ya sha kashi. To me ya hana Lanark da Munro su ci gaba su ƙwato Edinbara? Cromwell. Ya iso bakin iyaka da rundunar da ta ci Preston, kuma Argyll ya riga ya tura masa. Lanark ya ga in ya ci manoman, Turawan Ingila na bayansu. Ranar 27 ga Satumba aka yi sulhu a Stirling, kowa ya sallami sojojinsa, mulki ya zauna a hannun 'yan coci.

Ranar 4 ga Oktoba Cromwell ya shiga Edinbara a matsayin baƙo. Aka sauke shi a gidan Moray, wanda a yau yana cikin gine-ginen Jami'ar Edinbara, ya zauna da Argyll da Wariston. Abin da ya nema ɗaya ne, kada a bar duk wanda ya goyi bayan Hamilton ya sake riƙe muƙami. Da zai tafi ya bar hafsansa John Lambert da mahaya su tsare sabuwar gwamnati. Dubi wannan abu da kyau. Mutanen da suka ƙi yaƙi don sarki saboda bai rantse da Alkawari ba, ga su suna mulki a inuwar takobin mutumin da suke kira ɗan bidi'a.

Sun cika masa alkawari har da ƙari. Ranar 23 ga Janairu 1649 majalisarsu ta zartar da dokar da ta kasa masu laifi aji huɗu. Jagororin yarjejeniyar tsibirin Wight da na Montrose an hana su muƙami har abada. Aji na biyu shekara goma, na uku shekara biyar. Aji na huɗu ba ma na siyasa ba ne: mashaya, mazinata, masu ashar, da waɗanda ba sa tara iyalinsu addu'a a gida, su shekara guda. Kuma ko wa'adin ya cika, sai coci ya gamsu da tubar mutum. A Maris suka soke ikon da masu ƙasa ke da shi na zaɓar wa ikilisiya fasto, abin da talakawan yamma suka daɗe suna nema. A wannan zamani ne kuma farautar mayu ta yi ƙamari, aka tuhumi ɗaruruwan mutane, galibi mata, tsakanin 1649 da 1650. Wanda zai yabe su da tsayawa a kan aƙida, to ya haɗa da wannan a lissafinsa.

Mako guda bayan waccan doka, ranar 30 ga Janairu, aka fille kan Charles na Ɗaya a Landan. A nan zumuncin da Cromwell ya tsinke. Charles sarkin Sikotland ne, ɗan gidan Stuart, haifaffen Dunfermline, kuma ba a shawarce su ba. Ranar 5 ga Fabrairu suka shelanta ɗansa Charles na Biyu a matsayin sarki, na Sikotland da Ingila da Ayaland baki ɗaya, wanda daidai yake da takalar yaƙi. Suka matsa wa saurayin har ya rantse da Alkawarin kafin ya sauka ƙasar a Yunin 1650, alhali kowa ya san ba har zuci ba ne. Wata guda kafin nan sun rataye Montrose a Edinbara. Cromwell ya shigo da runduna a Yuli. A Agusta ya rubuta wa shugabannin coci wasiƙar da ya roƙe su, don girman Almasihu, su yi tunanin cewa mai yiwuwa kuskure suke yi. Ba su saurara ba.

A nan ne ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya. David Leslie ya yi dabara mai kyau, ya ƙi fitowa fili, ya bar yunwa da ciwo suna cin Turawan Ingila har suka ja da baya zuwa Dunbar a bakin teku. Amma yana wannan aiki, kwamitin tacewa yana bin sansani yana korar duk wanda ake zargin ya taɓa bin Hamilton ko rayuwarsa ba ta da tsarki. Adadin da aka saba kawowa shi ne hafsoshi kimanin 80 da sojoji kimanin 3,000, ana tsakiyar yaƙi. A lissafinsu hakan daidai ne. Sun karanta a Littafi Mai Tsarki labarin Gidiyon da ya rage rundunarsa ya ci nasara, da na Akan wanda zunubinsa shi kaɗai ya jawo wa Isra'ila shan kashi. Preston ma a wurinsu hujja ce cewa Allah ba ya tare da gurɓatacciyar runduna. Ranar 2 ga Satumba Leslie ya sauko daga tudun Doon inda ya fi ƙarfi. Masana suna jayayya ko fastoci ne suka matsa masa ko shi ya ga Cromwell na shirin gudu ta teku. Ni na fi karkata ga cewa saukowar ba ita ce babbar matsala ba. Daren ya zo da ruwa da iska, sojoji suka kwanta a gonaki, da yawa suka kashe wutar igiyar da ake kunna bindiga da ita, wasu hafsoshi suka tafi neman mafaka. Tsohon soja ba ya barin mutanensa haka alhali abokin gaba yana jifa ɗaya, kuma tsofaffin sojojin ne aka kora. Kafin gari ya waye ranar 3 ga Satumba Cromwell ya afka musu. Ya yi iƙirarin kashe 3,000 da kama 10,000, ko da yake ana ganin ya ƙara gishiri. Dubban fursunoni aka kora a ƙafa zuwa Durham aka kulle a babban cocin garin, inda kimanin 1,700 suka mutu saboda yunwa da ciwo. A 2013 masu aikin gini a Jami'ar Durham suka tono ƙasusuwan wasu daga cikinsu.

Mutanen yamma ba su ɗauki Dunbar a matsayin darasin cewa tacewar ta yi yawa ba. Cewa suka yi ba ta isa ba, kuma zunubin shi ne karɓar sarki munafuki. Suka ware da rundunarsu ta yamma, Lambert ya tarwatsa ta a garin Hamilton ranar 1 ga Disamba 1650. Sauran 'yan coci suka sassauta, aka buɗe wa waɗanda aka kora ƙofa, Argyll ya ɗora wa Charles na Biyu kambi a Scone ranar 1 ga Janairu 1651, aka soke dokar aji huɗu a tsakiyar shekarar. Bai hana komai ba. Cromwell ya gama da su a Worcester ranar 3 ga Satumba 1651, Sikotland ta shiga ƙarƙashin mulkin sojan Ingila. Da Charles ya dawo karaga a 1660 ya watsar da Alkawarin, bishop-bishop suka dawo, aka fille kan Argyll a Mayun 1661, kuma cikin laifuffukan da aka kama shi da su har da haɗa kai da gwamnatin Cromwell.

Saura batun suna. Burnet ya ce yankin kudu maso yamma ba ya noma hatsin da zai ishe shi shekara, don haka da rani mutanensa kan zo tashar jiragen ruwa ta Leith su sayi wanda aka kawo daga arewa. Suna da wata kalma, "whiggam", da suke kora dawakinsu da ita, sai mutanen birni suka laƙaba musu ita, kamar yadda muke cewa 'yan ga-ruwa saboda kiran da suke yi. Wasu masana harshe suna ganin kalma biyu ce aka haɗa, ta kora da ta goɗiya. Wasu kuma sun danganta ta da wata kalma mai nufin tsamin ruwan madara, abincin matalauta. Ko wacce ka ɗauka, sunan raini ne na ɗan birni ga baƙauye.

An gajarta shi zuwa Whig, ya manne wa 'Yan Alkawarin yamma da suka ci gaba da ibada a daji bayan 1660, suka yi bore a 1666 aka murƙushe su a Rullion Green, suka sake yi a 1679 suka ci Drumclog kafin a karya su a gadar Bothwell ranar 22 ga Yuni. A daidai wannan lokaci ake rigima a majalisar Ingila a kan hana James, ƙanen sarki, gadon sarauta saboda ɗan Katolika ne. Magoya bayan fada suka fara kiran masu wannan yunƙuri Whig, wato ku ma 'yan tawaye ne irin na Sikotland. Su kuma suka rama da Tory, sunan 'yan fashin daji na Ayaland. Kowane ɓangare ya rungumi zagin da aka yi masa ya mayar da shi suna. Don haka amsar tambayarka ta uku e ce, amma suna kawai aka gada. Manomin da ya bi fastonsa zuwa Edinbara a 1648 yana ganin barin kowa ya yi addinin da ya ga dama babban zunubi ne, kuma da ya ga attajiran Whig na ƙarni na 18 da ba zai gane su ba.

Jam'iyyar Whig ta Birtaniya ta narke cikin jam'iyyar Liberal a tsakiyar ƙarni na 19. Amurkawa suka ari sunan a shekarun 1830 don adawa da Shugaba Andrew Jackson, kuma a cikinta Abraham Lincoln ya fara siyasa. Daga Amurka ya tsallako Afirka ta Yamma tare da baƙaƙen fatar da suka kafa Laberiya, inda jam'iyyar True Whig ta riƙe mulki daga 1878 har zuwa 12 ga Afrilu 1980, ranar da Samuel Doe da ƙananan sojoji suka kashe Shugaba William Tolbert a Monrobiya.